Akawun na Uku

Zuwa ga mai ofishin talla, saman shagon mai gyaran waya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta manya, ni ne Babban Jami'in Bincike na kamfanin da kake ɗora wa 'yan kasuwa tallarsu a shafinsa. Ƙasashe goma sha huɗu ke hannuna, ban da waɗanda nake taimaka wa.

Akawun uku gare ka a shafinmu, wato asusun talla, kowace ƙasa da nata, kowanne da irin kuɗin da muke cira. Biyu lafiyarsu ƙalau. Na ukun, mai biya da dala, mun dakatar da shi saboda tallar man nan da aka ce yana tsirar da gashi a sanƙo cikin mako guda. Mun gwada a kan mataimakina, har yau ƙuda santsi yake ji a kansa.

Kuma ba da katin shaidarka aka buɗe shi ba, hoton wani kyakkyawan saurayi muka gani. Wane ne shi, wa ya ɗora tallar? A amsa da gaggawa, a kuma riƙa ba ma'aikata abincin rana.

Wassalam.

*

Ranka ya daɗe,

Wa alaikumus salam, tare da girmamawa. Ina roƙo kada a taɓa sauran akawun biyun. Amanar mutane ce, 'yan kasuwar ƙasashen biyu sun dogara da ni.

Yaron da ke jikin katin ɗan aike ne, yana share mana ofis. Bai yi boko ba, allo kawai ya yi, bai san dokokinku ba. Shi ya ɗauki lambar sirri ya ɗora tallar ba da sanina ba. Babu abin da ya haɗa ni da shi sai aiki.

Na gode. Mai biyayya, mai ofishin talla.

*

Malam mai ofis,

Salam. Ka sake duba amsarka da kyau. Ka fi kowa sanin dokarmu: wanda laifin ya hau kansa, sunansa da fuskarsa ba za su ƙara buɗe akawun a kowace ƙasa ba, ko tallar allura ce. Idan kuskure ne na ofis, faɗa kawai, ana sassauci. Mun kuma lura kunnuwanku iri ɗaya ne da yaron. Ka tabbata ba ɗan'uwanka ba ne?

Ina jira.

*

Ranka ya daɗe,

Na tabbata. A rufe nasa, a bar min nawa. Allah ya ƙara girma.

*

Yaya,

Sallama. Babu wani Babban Jami'i. Ni ne, Auta. Mai gyaran waya ya buɗe min sabon adireshin imel, a wayarsa nake rubutowa. Kwana biyu na ga ka kasa cin abinci saboda akawun ɗin nan da kamfanin ya dakatar, na ce bari in ɗan gasa ka, in ka fara gumi in tuntsire da dariya, kamar ranar da na kira ka da muryar mai gidan haya. Wallahi na zaci tun a maganar ƙuda za ka gane ni.

Ina zaune a kan bencin bakin ƙofa ka rubuta amsarka ta farko. Da za ka rubuta ta biyu, ka ɗago ka ce, "Auta, sauka ka sayo min ruwan sanyi." A matakala na karanta ta. Na sayo ruwan, ka sha, ka ce Allah ya yi min albarka.

Ranar da ka riƙe min waya a fuska don hoton shaida kana cewa juya dama, juya hagu, cewa ka yi, "Da sunanka zan buɗe wannan, ƙanena, in ka iya aikin ya zama naka." Har Inna na je na yi wa fankama cewa ni ma ina da ƙasa guda. Man sanƙon kuwa, ni na ce maka ƙarya ce, ka ce in yi shiru, ɗan allo bai san kasuwa ba.

Na san wata rana masu binciken gaske za su tambaye ka. Yanzu na ji amsar.

Makullin ofis yana wurin mai gyaran waya, ka bar min katina a can. Ban nuna wa Inna komai ba. In ta tambayi abin da ya hana ni zuwa aiki, kai za ka gaya mata. Ka fi ni iya bayani.

Ɗan aikenka,
Auta