Na Liƙe Bakin Gada da Walda, Wani Zai Rasa Aikinsa

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku fara zagi, don ni ma raina a ɓace yake.

Ni mai walda ne a Minna, rumfata tana gindin wata gada ta wajen Shango. A tsakiyar gadar akwai tsaga da aka rufe da farantin ƙarfe, an ɗaure gefe ɗaya da noti, ɗaya gefen a sake. Notukan suka cinye, duk motar da ta taka sai ka ji garam har cikin haƙoranka. Yini guda haka! Na sami shugaban leburorin hanyar, wani dattijo mutumin Bida da muke kira Baba Ndagi, wanda shi ya nema mini wurin rumfar nan tun ina ɗan koyo. Ya ce, “Ɗana, na kai kuka ofis har na gaji. Sun ce gwamnati ta tsuke aljihu, ko noti ɗaya babu.” Ko noti ɗaya! Amma fentin da suke shafa wa gadar idan manya za su wuce, daga sama yake faɗowa?

Ranar Asabar ɗin share gari, da aka hana motoci fita, na ja injina na walda na hau gadar, na liƙe farantin gefe biyu tsaf. Mu a sana'armu abin da ke motsi liƙe shi ake yi. Ƙara ta ɗauke. Har daɗi na ji wai na yi wa gwamnati aiki kyauta, kun ji wauta. Wa ya taɓa gaya mini gada tana miƙewa idan ta sha rana, kuma don haka aka bar mata tsagar? Da bazara ta kankama, farantin ya rasa inda zai matsa, ya banƙare sama, ya ɓare siminti. Wani malamin makaranta a kan babur ya ci karo da shi, ƙafarsa ta karye. Da hannuna na ɗauke shi, ina ta salati kamar ban san komai ba.

Yanzu mutanen da suka hana noti su ne suka cika gadar da motoci suna neman mai laifi. Sun ce Baba Ndagi ne ya sa aka yi waldar don ya rage wa kansa wahala, za su sallame shi ba fansho, alhali saura kaɗan ya yi ritaya. Wannan ba zalunci ba ne? Su da suka bar abin ya lalace wa zai kore su? Jiya ya zo rumfata ya zauna, ya ce, “Kai ka san hannun masu walda na garin nan. Dubo mini aikin, ka faɗa mini na wane ne.” Na ce zan duba. Kunya ta hana ni kallon idonsa, wallahi na tsani kaina.

Idan na yi magana, gidan yari ne, ga mata da 'ya'ya huɗu. Idan na yi shiru, tsoho zai koma Bida hannu rabbana saboda ni. Ya ce gobe da safe zai dawo jin amsa. Jama'a, me zan yi?