Na'urar Ilham Ba Ta da Ido

Damazin, 9 ga Maris, 2013

Zuwa ga ɗiyata Ilham,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ki lafiya a Maleziya, Ya buɗe miki karatu, Ya kare ki daga abincinsu mai sukari har cikin miya. Mu nan alhamdu lillahi. Innarki Kulu ƙafa ta yi sauƙi, ƙanwarki Ruƙayya ta sauka lafiya, mace, an sa mata Malak.

To, ya bitti, ɗiyata, na ji kin yi fushi da ni, kuma kina da gaskiya. Wata biyar ina ce miki a waya idon Yaya Attahiru yana samun sauƙi, alhali likita ya riga ya ce moya zarga ce, wato hawan jinin ido, ganin ba zai dawo ba. Shekara talatin ina sayar da ƙaro a kasuwa, na iya gyara magana, sai na gyara miki ita har ta wuce wuri. Ki yafe wa baffanki. Amma zancen da Ruƙayya ta kawo mini, wai za ki ajiye digirin ki dawo jinyar mahaifinki, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ba zan ɓoye miki ba, da farko abin ya yi muni. Mutumin da dillalai ke jira ya zo kafin a sa wa buhu daraja, ya koma ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Ko shayi sai an yi da gaske. Ranar da wasiƙarki ta iso na zauna ina karanta wa Yaya da Kulu, da na kai inda kika ce na'urar da kike aiki da ita a jami'a tana ganin abin da ya fi gashin kai siranta sau dubbai, Kulu ta miƙe tana hamdala, ta ce ai sai a kai Malam a sa masa ita a ido. Sai na ci gaba da karatu kawai, inda kika bayyana cewa ba gilashi ba ce irin ta asibiti. Wata 'yar allura ce a bakin siririn ƙarfe, tana bin fuskar abu layi bayan layi, in ta hau tudu ta ɗaga, in ta faɗa kwari ta sauka, haske yana lura da motsinta, kwamfuta tana zanawa.

Nan Yaya ya juyo. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya tambaya ko dai na'urar nan da Turawa da 'yan Sin ke layi a kanta ba ta da ido ke nan, lalube take yi. Na ce haka ɗiyarka ta rubuta. Ya yi dariyar da rabona da jinta tun kafin azumi, ya ce ashe makauniya ce 'yar'uwarsa. Da na karanta cewa in abu mai laushi ne allurar ba ta gogarsa, ɗan taɓawa take tana ɗagawa don kada ta yage shi, ya ce wanda ya ƙera ta ya taɓa riƙe ɗanyen ƙaro, ko ya sani ko bai sani ba.

Abu ɗaya ya ɓata masa rai: da ya ji ƙaron da kike aunawa da na'urar a kanti kika saye shi. Ya rantse an gauraya hashab, ƙaro mai daraja, da ɗalha mai araha, za ki shekara kina zana ƙarya. Washegari ya sa rawani ya ce in riƙe masa hannu zuwa kasuwa. Sodangi dillali, kin san halinsa, ya cusa ɗalha uku cikin kwanon hashab don ya gwada shi. Yaya ya murza, ya fitar da su ɗaya bayan ɗaya, ya ce wa Sodangi gwara ya gwada wannan wayo a kan masu ido. Yanzu kullum yana rumfata, kuma ni ne mai cin riba, ba zan yi miki ƙarya ta biyu ba. Ƙullin da ke tare da wannan takarda shi ya zaɓa miki da hannunsa, hashab zalla, daga gonarmu ta bayan Rusairis.

Na faɗa masa niyyarki. Ya ce in rubuta haka ba tare da gyara ba: in kika dawo saboda shi, kin tabbatar masa ya zama kaya ke nan, zai koma ɗaki. Ya tambayi malamin makaranta, an ce masa takardar digiri tana da tambari mai tudu. Shi yake jira ki ɗora masa a tafin hannu ya karanta da kansa. Saura wata goma sha huɗu, Ilham. Ki zauna ki gama.

Kulu tana gaishe ki, ta yafe wa na'urar. Gwaggo Dije, Ruƙayya da mijinta Salihu, da mutanen Hajj Abdalla duk suna miki addu'a.

Baffanki mai neman afuwa,
Ladan