Uwar Baftismar da Ba Ta Sani Ba

Gervase, don Allah duk abin da ke hannunka ajiye shi ka karanta wannan yanzu. Kar ka ce sai ka rufe shago, kar ka ce sai ka ci abinci. In idon nan naka yana damunka, ba matarka Philomena ta karanta maka a tsaye. Crescentia matar katikis ɗin cocinmu ce take rubuta mini, na ce mata yadda magana ta fito daga bakina haka za ta sa, kar ta gyara mini ko ɗaya.

To, gaisuwa mai yawa gare ka ƙanena, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali duka. Ubangiji ya ƙara maka lafiya, ya tsare ku da motocin Kumasi, Uwa Maryamu ta yi muku roƙo. Mu nan lafiya, in ban da gwiwata da ka sani. An yi ruwa, dawa ta yi kyau, gyaɗa ce dai ba ta yi abin kirki ba. Jiki kam da sauƙi, zuciyata ce ba lafiya.

Ka san ɗiyarka Scholastica, 'yata, tana nan garinku, a gidan sistoci, ana koya musu sabon aikin nan. Za ta riƙa zagaya makarantun mishan, ta zauna bayan aji ta kalli tsofaffin malamai suna koyarwa, ita ce za ta ce wane ya isa a ba shi babbar takardar shaida, wane ya ƙara jira. Shekara da shekaru tana shaƙar alli kafin a ɗauke ta, kai ma shaida ne. Ranar da za ta tafi ta zaunar da ni ta ce, Mama, daga yau kar ki karɓi komai daga gidan malami, ko ƙwai ɗaya ne. Kuma na riƙe, Allah ya sani. An kawo zabo na mayar, an kawo tulun giyar fito na mayar. Har matan zumunta suka sa mini suna uwar alƙali, in na shigo coci sai su ce a matsa, a matsa, kar a taɓa ta a shiga uku.

To ka tuna Bibiana, wadda muke dafa fito tare tun muna amare? Ɗanta ne Ticha Cletus. Matarsa ta haihu, mace, yarinya ta zo ba ƙwari, nono ma da kyar take kamawa. Fada kuwa, mai yin baftismar, zai zo ƙauyenmu a Lahadin wancan makon, in ya wuce sai wani watan, kowa yana tsoron kar ta tafi ba baftisma. Sai ga Bibiana a tsakar gidana, ta ce, ke tsohuwar banza, kina da ɗiya mai ilimi kin zauna a kanta kamar kaza a kan ƙwai, ki ba mu ita ta zama uwar baftisma. Na ce ai ba ta nan. Ta ce sai ki tsaya a madadinta, yau aka fara? Gervase, na yi tunani, kar ka ce ban yi ba. Na ce Scholastica cewa ta yi kar in karɓa. To wannan karɓa ce? Uwar baftisma ai ita ke bayarwa. Ita ke sayen farin zane da kyandir, ita ke koya wa yarinya addu'a, ranar aure ita ke shan wahala. Na ce wannan bayarwa ce, ba ruwanta da waccan doka. Kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya yi daɗi da aka zaɓe mu, ga Scholastica duk maza ta haifa.

Ga wurin da ya fi muni. Crescentia, rubuta, kar ki kalle ni. Fada ya tambaye ni, ita mai sunan ta sani, ta yarda? Na ce ta yarda. A gaban bagade na faɗi haka, da yarinya a hannuna. Aka zuba mata ruwa, aka sa mata suna Scholastica. Ni a wautata na ce sai Kirsimeti in ta zo gida in miƙa mata takwararta ta yi mamaki. Yarinya dai ta samu sauƙi, yanzu tana tsotso har tana cizo, wannan kam mun gode Allah.

Shekaranjiya sai ga Cletus a kan babur, ko ruwan da na miƙa masa bai karɓa ba. Ya durƙusa ya ce, Mama, ke da uwata kun ɗaure ni. An aiko musu da labari cewa wadda za ta zo ta zauna a ajinsa Scholastica ce. Shi bai ma san tana cikin masu wannan aikin ba, ya ɗauka kwas ta tafi irin na kullum. Ni kuwa na sani. Ya ce Lahadin nan mai zuwa, kafin a sallami su Scholastica, za su tsaya a coci gaban manya, a karanta wa kowa sunayen malaman da aka ba shi, ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ya ce ba abin da ya haɗa shi da ko ɗaya, ba jini, ba aure, ba na coci. Na ce ai Bibiana ba danginmu ba ce, ko kaka ba mu haɗa ba. Ya ce, Mama, uwar baftismar ɗiyata fa? A wurin Fada ai ta wuce 'yar uwa.

Ya bayyana mini dalla-dalla. In ta rantse ba ta sani ba, daga baya magana ta fito, ba wanda zai yarda ba ta sani ba. Za a ce ɓoyewa ta yi, a karɓe aikin, sunanta ya ɓaci a duk makarantun mishan, abin da ta rubuta a kan kowa a yaga. In kuwa ta faɗa tun kafin rantsuwa, to za a cire Cletus daga hannunta, kuma a ɓangarenmu ita kaɗai aka ɗauka, sai ya jira ranar da aka samu wani, ba wanda ya san yaushe. Mutumin nan furfura ta fito masa yana jiran takardar nan. Tun da damina ta faɗi yake tara yara gindin ɗorawa bayan an tashi, yana gwada yadda zai koyar ranar da za a zo kallonsa.

Na ja gwiwata na je wurin katikis na ce a warware. Ya ce, Mama, baftisma ba ɗinkin tela ba ce da za a farke a sake. Matarsa ga ta nan tana dariya, na ce mata ba abin dariya ba ne. Bibiana kuwa cewa ta yi mu yi shiru, wa zai kwashi ƙafa ya kai labari Kumasi? Na ce, ke, yarinyar da duk gari ke kira ƙaramar Scholastica? Rabin malaman makarantar a gidanki suka sha fito ranar suna. Ta ce na cika tsoro kamar zabuwa, in ganye ya faɗi sai in tashi sama. Mun rabu ba daɗi. Amma gaskiya wuni guda na yi ina so in bi maganarta, don in ba a faɗa ba, ba wanda zai ce ni na yi. Jiya Cletus ya dawo da kansa ya ce a gaya wa Scholastica, shi zai jira. Bai kalle ni ba da yake faɗa, ƙasa yake kallo. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Za ka ce me ya hana in kira ta. Na kira, a wayar Crescentia, da yamma da ake ba su wayoyinsu. Ta ɗauka tana murna, wai Mama yau an yaba mini a gaban kowa. Na tambaye ta ko tana samun tuwo mai kyau a can, na ce ta riƙa rufe kanta saboda sauro, na miƙa wa Crescentia wayarta. Ba zan iya ba, Gervase. Kai ne kawunta, maganar da uwa ta kasa faɗa kai kake faɗa, haka muka tarar. Ban sani ba ko za ta yafe mini. Ban sani ba ko in ta faɗa manyan za su bar mata aikin. Amma hannunta ba zai hau Littafi a kan ƙaryata ba.

Ka gaida Philomena da kyau, ka ce man kaɗen da na yi mata alkawari yana nan. Ka gaida Polycarp da Bertha da ɗan autanku. Yayanmu Anacletus yana gaishe ka, bai san komai ba, kar ka kira shi tukuna. Direban motar safe zai kawo maka wannan har shago.

Ni ce yayarka Apollonia.

Crescentia, kar ki naɗe, ƙara wannan. Kar ka fara zuwa wurin Sista babba, kar ka kira mijinta, kar ka tsaya shawara da abokanka na coci. Scholastica za ka fara gaya wa, ita kaɗai, ka kira ta gefe kafin Lahadi. Kuma in ta tambaya wa ya yi, kar ka ce Bibiana, kar ka ce Cletus. Ka ce uwarta.