Sakamakon Gwajin Ƙodarmu da Kuka Tafi da Shi

Zuwa ga Shugaban tawagar likitocin da suka zo binciken tsakuwar ƙoda a ƙauyukan Wurno, Rabah da Goronyo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Likita, ina gaishe ka da aiki, kai da abokan tafiyarka, da fatan iyali suna lafiya.

Wataƙila ka manta da ni. Ni ne malamin firamaren da ya yi muku tafinta a ƙauyenmu rani biyu da suka wuce, lokacin cirar albasa, dogon nan da kake zolaya cewa muryarsa ta fi lasifika. Kwana uku kuka yi a makarantarmu. Kun karɓi fitsarin mutane a kwalabe, kun ɗora musu na'urar hoto a kwiɓi, kun ɗebi ruwan rijiyoyinmu har da na fadama. Sau biyu na aika muku takarda ta hannun jami'in lafiya ina tambayar sakamako, ban ji komai ba. Yanzu ƙanena Umaru ya rasu, ɗayan ƙanen nawa, Nasiru, ya fara riƙe kwiɓi. Shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko, maganar alkawari. Kai ka umarce ni in faɗa wa jama'a cewa duk wanda aka ga wani abu a jikinsa za a neme shi. Mutanenmu ba sa miƙa wa baƙo fitsarinsu haka kawai, suna tsoron a yi musu sammu da shi. Da na ga sun ja baya, sai na ƙara wa maganarka rantsuwa daga bakina, na kuma jawo Umaru na sa shi a gaban layi domin sauran su saki jiki. Ya shiga yana dariya, yana cewa in dai abin kyauta ne shi ba a barinsa a baya. Wannan rantsuwa tawa ce, ban ɗora maka ita ba. Amma alkawarin naka ne.

Na biyu, abin da ba ku tambaye mu ba. Mu mutanen bakin gulbi ne. Kusan kowane namiji a nan ya yi fitsarin jini tun yana wanka a Rima, tsargiya muke ce masa, ba ma ko kai shi gaban manya. Da Umaru ya ga jini a fitsarinsa, ya ce tsohuwar tsargiyarsa ce ta dawo gaisuwa. Da ciwon kwiɓi ya tasar masa, ya ce sunkuyon ban ruwa ne, ya sayi ƙwayar kashe zafi a kemis ya koma gona. Na matsa masa mu je Sakkwato, sai ya tuna mini cewa likitoci sun leƙa cikinsa da na'ura, da sun ga wani abu da sun neme shi. Shirunku ya zame masa takardar shaidar lafiya. Ni ma, Allah ya gafarta mini, na yarda da hakan, domin ya fi mini sauƙi.

Na uku. Sai da zazzaɓi ya kwantar da shi, fitsari ya ƙi fita, muka kai shi asibiti. Likitan da ya duba shi ya ce tsakuwa ta daɗe da toshe hanyar ƙoda ɗaya har ta lalace, ɗayar kuma cuta ta kama ta. Ya ce irin wannan tsakuwa ba a wata ɗaya take girma ba. Ban ce kun gan ta ba, Likita, tambaya nake yi. Kwanansa tara a gadon asibiti. Ya bar mata da yara huɗu, ya bar albasa a ƙasa, maƙwabta ne suka cire masa. Tun daga nan Innarmu ta daina kallon fuskata idan na shiga gaishe ta.

Abin da ya fi ci mini rai, a bakin gadonsa wata ma'aikaciyar jinya ta faɗa mini rigakafin cikin 'yan mintuna. Ta ce mai aiki a rana ya sha ruwa har fitsarinsa ya yi fari, a rage gishiri, kuma jini a fitsari ba abin rainawa ba ne. Umaru kuwa yakan yini tsaye cikin ruwa yana shayar da albasa, shi kansa bai sha kofi uku ba. Da kun bar mana ko wannan maganar kafin ku hau mota, da na faɗe ta a kowane masallaci.

Ga roƙona. Ku dawo da sakamakon kowa, mai kyau da marar kyau, a faɗa wa mutum da Hausa, a keɓe. Ku gaya mana abin da kuka gani a ruwan rijiyoyinmu, musamman masu zartsi, mu san wanda za mu bari. Idan kuma takardun sun ɓace, ko aikin ya tsaya, ku aiko a faɗa a fili cewa kada kowa ya ƙara jiran ku. Wannan na ƙarshe ba ya bukatar ko mota, saƙo ɗaya ya isa.

Shekaranjiya a sallar la'asar Nasiru ya kasa miƙewa daga sujada sai da aka kama shi. Na ce masa ya manta da duk abin da na faɗa a makaranta lokacin gwajin, kada ya jira a neme shi. Ya dube ni ya tambaye ni wace maganar tawa zai ɗauka, ta da ko ta yanzu. Daga bakinku yake son ya ji, ni kuwa gobe zan kai shi asibiti ko da a ɗaure.

Ba na yi maka mugun fata. Allah ya sa ilimin da kuka tara a jikinmu ya amfani jama'a, ya ƙara maka lafiya da basira, kuma kada ya nuna maka ranar da za ka wanke ƙanenka da hannunka.

Wassalam.

Malam Haliru,
malamin firamare a ƙasar Wurno.