Darussan ciwon Baba suna zuwa wayata

Zuwa ga Baffa Sani, Tambuwal.

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ya iyali, ya damina, ya mutanenmu na Kebbe? Mu nan Fatakwal sai godiya, aikin gadi dai ya gajiyar da ni.

Baffa, maganar Baba ce ta ɗaure mini kai. Da anka yi mashi aikin ciwon dajin hanji a Sakkwato, lambata anka ɗauka, don ni ke da babbar waya. To yanzu duk darussan kula da jiki da asibiti ke turowa ni suke iskewa nan, mai ciwon kuwa shina Fakku inda ko kira da ƙyar ke shiga. Likitocin sun kyauta, da Hausa suke bayani. Amma wa suke koya wa?

Bidiyon jiya ya ce a riƙa duba ko akwai jini a bayan gida, in an gani a koma asibiti maza. Na kira Baba ina ta kewaye-kewaye, ya ce, "Kai, mi kake son cewa? Lafiyata lau, yanzu na taso daga gona." Ni ɗan fari, da wane baki zan tambayi ubana wanga abu? Inna kuma ta ce ya rame. Ban san wa zan gaskata ba.

Kai ƙanensa ne, ba ya jin nauyinka. Don Allah ka hau babur ka je ka tambaye shi kai tsaye. In ya yi shiru, ka kai shi asibiti.

A sa mu cikin addu'a. Ka gaida Gwaggo da yara.

Ɗanka,
Umaru