Na Riga Ruwan Gonata Isa

Assalamu alaikum Yaya Binta,

Ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara. Yaya zafin Agadas? Mu nan Kura sai godiya.

Yaya, na hau jirgin sama! Ƙaninmu Sabi'u aka kwantar a asibiti a Legas, abokansa suka yankar mini tikiti. Ni da na saba bin motar tumatir, mu kwana a hanya kwanduna na tsiyaya, sai na ƙulla guzurin dabino da ƙuli-ƙuli. Da safe na buɗe wa shinkafata ruwa, na ce maƙwabcina Malam Idi ya toshe in ta ƙoshi.

Wallahi ko guzurin ban kwance ba aka ce mun iso. Na kira Malam Idi, ya ce, "Wace Legas? Ai ruwan bai kai ƙarshen gonar ba!" Ikon Allah!

Sabi'u ya samu sauƙi. Sai dai na tuna rasuwar Baba, da na taso daga Legas a mota, na tarar an rufe shi. Ashe tafiyar ba ta kai ban-ruwan gona ɗaya ba.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Habu