Ni Dai Na Faɗa Na Fita

Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, na yi ɓarna. Kin san binciken da muke yi da 'yan matan unguwa kan abin da ke hana su zuwa makaranta. Su ke riƙe rakoda, su ke yi wa juna tambayoyi, ni kuma na rantse musu ba sunan da zai fita.

Akwai wadda suke kira Lauya, 'yar shekara sha biyar, baki kamar reza. Ita ta ba da labarin da ya fi nauyi: mahaifiyarta na da taɓin hankali, ana kulle ta in baƙi sun zo, ita ke zaman jinya. Shekara uku gidan na rufe wannan asiri.

Da muka zo rubutawa na so in gyara kalaman. 'Yan matan, har da Lauyar, suka taso mini, wai muryarsu ce, a bar ta yadda ta fito. Daɗi ma na ji, ai abin da na koya musu ke nan. Na cire suna, na bar magana.

Ranar Asabar muka karanta wa iyaye a ɗakin taro. Labarin ya ƙare da "ni dai na faɗa na fita". Ashe kowa a unguwar ya san da wannan take rufe gardama. Wata daga baya ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce, "Lah, Lauya ce!" Baban Lauyar, mai gyaran agogo, yana layin gaba. Ya miƙe ya fita.

Tun ranar Lauya ba ta dawo wurinmu ba. Jiya na je shagonsa. Ya ba ni kujera, bai ɗago daga agogon da yake gyarawa ba. Ya ce yanzu maƙwabta zuwa suke dubiyar matarsa, ba don Allah ba, don kallo. Na nemi ganin Lauya, ya ce ita ce ba ta so.

Ofishinmu na son shafin labarinta a rahoton binciken, wai shi zai jawo wa yara irinta taimako. Wataƙila gaskiya ne. Amma na cire shi, Yaya, ban ma tambaye ta ba, ni da nake koya musu cewa ba a yanke hukunci a kansu ba tare da su ba.

Ki sa ni a addu'a. A gaida yara.

Taki,
Autarku